Hoton Attubashi

"…Da iyali?"

"Iyalin wa? Ka ga iyali a nan?"

"To, da siminti? Da rodi? Da kyankyasai? Kowa lafiya?"

"Suna gaishe ka. Kyankyasan ma sun yi ƙorafi, sun ce ka daɗe ba ka leƙo dangi ba."

"Dangin mahaifiyarka ke nan, ɗan mace."

"Dangin mahaifiyata su ne dangin mahaifinka, ɗan namiji. Sake dubawa."

An yi wannan gaisuwa ne da hantsin wata Alhamis ta shekarar 1978, a ƙofar wani bene mai hawa huɗu a Safa, sabuwar unguwar Jidda da a lokacin gine-ginenta suka fi mutanenta yawa. Wata bakwai ke nan da gama benen, amma ba wanda ya tare, domin ba a jawo ruwa ba. Ubale ne mai gadinsa. Yana da ɗaki ɗaya a ƙarƙashin matakala, da tabarma, da risho, da kujerar ƙarfe wadda yake bin inuwa da ita daga safe zuwa yamma. Tun da matarsa Sauda ta rasu, 'yarsa Bashira kuma ta bi mijinta Madina, yakan yi kwana uku kalmar Hausa ba ta fita daga bakinsa ba, sai fa in ya yi tuntuɓe.

Baƙon kuwa Abdulghaffar ne, taubashinsa, domin mahaifiyar Ubale da mahaifin Abdulghaffar ciki ɗaya suka fito. An haifi Ubale a Mai Wurno ta ƙasar Sudan, ya ƙetaro teku yana saurayi, dogo, mai faɗin tafi. Shi Abdulghaffar haifaffen unguwar Hindawiyya ne a nan Jidda, gajere, mai tumbi, mai tabarau kamar gindin kwalba, kuma yana da shagon tayoyi. A ranar ya zo fes, yana ƙamshin turare.

"Yalla, tashi ka raka ni wurin mai hoto," in ji shi.

"Hoto? An rasa abin da za a tsorata yara da shi ne a Hindawiyya?"

"Hoton bango ne, jahili. Bangon manya. Zauna da kyau in karanta maka, kada daɗi ya kayar da kai."

Ya zaro wata wasiƙa daga aljihu, ya kai ta dab da hanci, yana karanta Larabcin yana mayarwa Hausa. Ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Fanus ta gina sabon zaure. A bangonsa na gabas za a rataye hotunan mutum goma da suka fi kowa ɗaga sunan ƙungiyar tun kafuwarta. Lajana, wato kwamitin da aka ɗora wa zaɓen, ta zauna, ta yi gardama, ta kuma amince a sa mai tsaron gidanta na shekara goma, daga 1950 zuwa 1960, Abdulghaffar Hamad, wanda aka fi sani da Attubashi. Ana roƙonsa ya kai hoto ranar Asabar.

Ya naɗe wasiƙar, ya buga ƙirji. "Ka ce mabruk mana, ka taya ni murna. Baƙin ciki ya riƙe maka harshe?"

Ubale ya dubi hannayensa da ke kan gwiwa. Yatsu uku na hannun dama sun kauce wa hanya tun da daɗewa, ƙaramin na hagu kuwa ba ya lanƙwasuwa.

Ga yadda abin ya faro. Lokacin da Ubale ya sauka Jidda ba shi da takarda ko ɗaya, masu shirya gasar unguwanni kuma suka ce ba za su rubuta ɗan wasa a littafi ba sai ya nuna tasa. Sai aka ari ta Abdulghaffar, wanda ko gudun gaggawa bai taɓa yi ba. Littafin ba ya ɗauke da hoto, saboda haka ba wanda ya damu. Ubale ya tsaya tsakanin sanduna shekara goma da sunan aro. Mai sunan kuwa yakan tsaya a bayan gida kowane wasa, yana kwarara ihu: "Taubashi, kama! Taubashi, barci kake yi?" Larabawa 'yan kallo suka zaci sunan mai tsaron gidan ke nan, suka karɓa, harshensu ya mayar da shi Attubashi. Da shi aka yi waƙa a bakin fili, da shi aka rubuta a jarida. Ban da su biyun, waɗanda suka san gaskiyar maganar goma sha ɗaya ne har da mai horarwa. Na'ibi, ɗan baya, shi ne na ƙarshensu, kuma an binne shi bara.

"Kai ne Attubashi?" in ji Ubale a hankali.

"Karanta da kanka. Af, na manta, ba a koya muku ba a Mai Wurno."

"Kai da ko lemo aka jefa maka sai ya sauka a goshinka?"

"Wannan dabara ce. Da goshi manya suke tarewa."

"Ranar da ƙwallo ta taɓa zuwa wajenka a bayan gida, ina ka shiga?"

"Na matsa ne in ba ta hanya. Ladabi ke nan."

"Ƙarƙashin amalanken mai ruwa ka shiga, sai da aka jawo ka ta ƙafa."

"Inuwa na je nema. Ya shekh, ni ban zo gardama da mai gadi ba. Wallahi ma an yi maka adalci. Ɗauko iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, me aka rubuta a wurin sana'a?"

"Haris."

"To! Mai tsaron gida a fili, haris. Mai tsaron gidan siminti, haris. Hukuma ta ba ka lambarka tun tuni, har da hatimi. Bar mini tawa. Tashi mu tafi, ina bukatar wanda zai riƙe mini takalmi."

Ubale ya so ya ce ba za shi ba. Amma ya dubi titin, babu kowa a kansa sai iska da takardun buhun siminti, ya kuma tuna cewa in wannan gajeren ya tafi, ba mai sake zaginsa da Hausa sai wani watan. Ya kulle ƙofa, ya shiga tsohuwar a-kori-kurar Abdulghaffar, ya naɗe dogayen ƙafafunsa.

Suka kama hanyar kudu.

"Ka ce sun yi gardama," in ji Ubale, yana kallon waje kamar tambayar ba ta dame shi ba.

"Gardama? Saura kaɗan su doki juna a kaina. Mutum biyar ne. Uku suka ce a sa ni, biyu suka ce a'a."

"Me biyun suka ce?"

"Samari ne masu digiri. Ɗayan ya ce abin da muka yi a zamaninmu ba ƙwallo ba ne, guje-guje ne a kan gishiri. Ba raga, ba takalmi, ba mai rubuta wa ya tare nawa. Ya ce mai tsaron gidansu na yanzu, in an mayar da shi wancan zamani, zai iya tsarewa yana shan shayi."

"A kai shi. A cire masa safar hannu, a tsayar da shi a kan busasshen gishirin nan, ya faɗi sau ɗaya tak. In ya tashi da fatar gwiwarsa, ni zan dafa masa shayin."

"Haka na ce a raina. Na ce, yaro, ba ka san wuyar da na sha ba."

"Wuyar me ka sha? Rake kake sha a bayana, kana tofa mini ɓawon a dunduniya."

"Ihu fa? Ka san abin da ihun shekara goma yake yi wa maƙogwaro? Na biyun kuma ya kawo maganar ranar wasa da ma'aikatan jirgin ruwa. Ya ce mutumin da aka zura wa bakwai a wasa ɗaya bai cancanci bango ba."

Ubale ya juyo gaba ɗaya. "Shida ne."

"Bakwai."

"Shida! Ta bakwai ta bi ta saman igiya. Babu sanda a sama a lokacin, igiya ce, kuma ta saki a tsakiya."

"Alƙalin wasa ya ce ta shiga."

"Alƙalin wasa yana can tsakiyar fili yana gyara zariyar wandonsa. Kai kana bayana, ka gani da idonka."

"Da wane idon? Ni tun ta huɗu na rufe fuska don kunya. Sunana fa ake zura wa. Mako guda ban fita ba, mahaifina yana tambayata me ya sa maƙwabta suke yi masa jaje."

"Da zazzaɓi na shiga wasan nan. Ka faɗa musu?"

"Ni ina lafiya lau ranar."

"Fenariti ukun da na tare a wasan kofi fa? A rana ɗaya, uku! Ba wanda ya tuna?"

"An tuna. An ce na yi ƙoƙari."

Ubale ya yi tsaki, amma gefen bakinsa ya motsa. Rabon da ya yi magana mai tsawo haka har ya manta.

Da suka kusa tsohon gari, sai ya ɗaga hannu. "Rage gudu." A dama da su akwai wani dogon sito mai rufin kwano, manyan motoci suna sauke buhuna a bakinsa. Nan filin yake a da. Ubale ya auna da ido daga kwanar titi, ya gane cewa gidan da ya fi tsarewa, na wajen teku, yana daidai inda aka jingine wani mataccen injin yanzu.

"Ga inda na karya wannan," in ji shi, ya ɗaga yatsa.

"Na ji zafinsa har gida."

"Na'ibi ne ya ja mini shi ya koma. Ya ce kada in yi kuka, Larabawa suna kallo."

"Allah ya jiƙan Na'ibi."

"Amin."

Suka wuce siton. Sa'an nan Ubale ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "In ka je ka gaya musu fa?"

"In gaya musu me?"

"Ka sani."

Abdulghaffar ya canza giya da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. "Bari in gaya maka wane ne na ukun da ya rinjayar da ƙuri'a. Ustaz Othman, shugaban lajana. Mutumin da ko gaisuwa sai ya duba ko tana cikin doka. Ka san dalilinsa? Ya buɗe littafi, ya ce, ku duba, shekara goma ba a taɓa korar wannan mutum daga fili ba, ba a taɓa kama shi da maguɗi ba. Ya ce bango na masu tsabta ne. To, je ka ce masa sunan da ke littafin ma na aro ne. Uku da biyu za ta koma biyu da uku kafin ka rufe baki. Ba ni, ba kai. Su sa wani ɗan gaba mai gashi."

"Ranar buɗe zauren tsofaffin 'yan kallo za su zo. Za su ce Attubashi dogo ne."

"Sai in ce tsufa ne ya taƙaita ni."

"Za su ce baƙi ne wuluk."

"Na daina shiga rana."

"Za su ce yana da kyau."

"Nan kuma ka yi ƙarya, ba mai cewa haka."

Ubale ya yi 'yar dariya, ta mutu da wuri. Ya ga gaskiyar lissafin. Ko dai Attubashi ya hau bango da fuskar mai tayoyi, ko kuwa kada ya hau sam, shekara goma su bi filin zuwa ƙarƙashin sito.

"Akwai kuma wani abu," in ji Abdulghaffar, muryarsa ta sauka. "Jikokina sun ga wasiƙar. Ka san su, in na yi musu Hausa sai su amsa da Larabci suna kallon talabijin. Shekaranjiya suka kewaye ni. Suka ce, ya jaddi, wato kakanmu, da gaske kai ne? Babban har ya taɓa hannuna. Tunda aka haife su ba su taɓa tambayata komai ba sai kuɗin alewa."

"Me ka ce musu?"

"Na ce su bar ni, na gaji."

"Ka kyauta. Wannan ne karo na farko da ka tare wani abu."

Shagon mai hoton yana wani lungu a Hindawiyya, tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da wake. Mai shi wani Balarabe ne Bahadrame, siriri mai furfura a gemu. A ciki akwai kujera mai hannu, da labule mai zanen lambu, da manyan fitilu biyu a kan dogayen ƙafafu. A wani kwando kuma an tara kayan da masu ɗaukar hoto suke riƙewa: furen roba, da wayar tarho marar igiya, da ƙwallon fata.

Abdulghaffar ya miƙa masa wasiƙar tun kafin a tambaye shi. Mai hoto ya karanta, ya ɗaga gira.

"Attubashi na Fanus? Yayana ya sha ba mu labarinsa. Ya ce ƙwallo tana tsoronsa. Ahlan, ahlan! Zauna, ya kaftin."

Ubale ya samu benci a bakin ƙofa ya zauna. Ya ce da Hausa, "Zauna mana, kaftin. Ka ji an ce tana tsoronka. Tana tsoron kada ka zauna a kanta."

"Yi shiru, mai riƙon takalmi."

Ya hau kujerar. Ƙafafunsa ba su kai ƙasa sosai ba, sai da aka tura masa akwati.

"Shigar da tumbin," in ji Ubale.

"Ƙirji ne, ya sauko."

"Ɗaga haɓa. Wacce daga ciki? Ta saman."

"Hassada za ta kashe ka a bencin nan."

"Cire tabarau. Wa ya taɓa ganin mai tsaron gida da gindin kwalba a fuska?"

"In na cire ba zan ga mai hoton ba."

"Ka ga ƙwallo shekara goma ba tabarau, mai hoto ne zai gagare ka?"

Abdulghaffar ya cire, ya sa a aljihu, yana ƙifta ido kamar wanda aka tasa daga barci. Ubale ya dube shi a kan kujerar, a gaban lambun zane. Ya ce a ransa, to, shi ke nan. Aƙalla sunan da aka yi wa waƙa zai hau. Ya ce da ƙarfi, "In an rataye, ka zo Safa ka gaya mini ko na nawa ne daga dama. Ba sai na je ba."

Abdulghaffar ya juyo wajen muryar.

Mai hoto ya leƙa ta cikin na'urarsa, ya girgiza kai. "Da sauran abu. Haris ba ƙwallo? Riƙe wannan, ya kaftin." Ya ɗauki ƙwallon fatar daga kwando, ya cilla masa da ɗan ƙarfi, irin cillawar da ake yi wa gwani.

Kaftin ya buɗe hannu biyu a inda ƙwallon ba ta bi ba. Ta daki kafaɗarsa, ta tashi, ta nufi fitilar hagu kai tsaye. Mai hoto ya yi salati.

Ba ta isa ba. Ubale bai ma san ya tashi ba. Gwiwoyin da suke yi masa gardama kowace asuba ba su nemi shawararsa ba. Dogon hannun ya miƙe, karkatattun yatsun suka buɗe, ƙwallon ta manne a tafinsa saura taki ɗaya ta taɓa gilashin, ba ta ko yi motsi ba. Ya jawo ta ƙirji, ya rufe ta da ɗayan hannun, kamar yadda ya yi sau dubbai. Sai bayan nan kunya ta kama shi.

Mai hoto ya dubi hannun da ke kan ƙwallon. Ya dubi hannayen da ke kan kujera, masu taushi, da zobe. Ya sake duban wasiƙar.

"Ku yi mini afuwa," in ji shi. "Wane ne Attubashi a cikinku?"

Ubale ya nuna Abdulghaffar. Abdulghaffar ya nuna inda yake zaton Ubale yake. Kowannensu ya ce, "Shi ne."

"Ban gane ba."

"Ba wanda ya yi maka ƙarya," in ji Ubale da Larabcinsa na Sudan. "A harshenmu, ɗan kawunka taubashinka ne, kai ma taubashinsa ne. Ba suna ba ne. Mutum ɗaya ba ya zama taubashi shi kaɗai." Ya mayar da ƙwallon cikin kwando. "Ɗauki hotonsa. Sunansa ne a takarda."

Ya juya zai koma benci.

"Kai, ɗan mace."

"Mene ne?"

"Ka ga abin da ka yi mini? A gaban baƙo?"

"Na hana a sa ka biyan kuɗin fitila."

"Ka bari ta fashe mana! Da na ce zazzaɓi nake yi." Abdulghaffar ya lalubo tabaransa ya mayar. Kafaɗunsa suka fara rawa, sa'an nan tumbin, har dariyar ta ƙwace masa, ya riƙe hannun kujera yana share ido. "Ƙwallon fata da furen roba, wallahi da furen ya jefo da na kama. Halas. Na sauka. Kujerar nan ma ta yi mini tsawo. Zo ka zauna."

"Jikokinka fa?"

"Zan gaya musu ni ne na ƙirƙiro ka. Ba don ihuna ba, wa zai san ka? Wannan ma abin taɓa hannu ne."

"Ustaz Othman fa?"

"Ranar Asabar zan kai masa da kaina, in faɗa masa komai, tun daga amalanken mai ruwa."

"Zai soke."

"Mai yiwuwa."

"Biyu da uku, ka ce."

"Na ce. Kana so ko ba ka so? In ba ka so in koma, har yanzu kujerar da ɗumina."

Ubale ya tsaya a tsakiyar shagon. Ya san halin irin su Ustaz Othman, ya kuma san cewa abin da ke hannu yanzu tabbas ne, na ranar Asabar kuwa ba tabbas. Ya dubi kujerar na ɗan lokaci. Sa'an nan ya ture akwatin da ƙafa, ya zauna, tafin ƙafafunsa suka kwanta a ƙasa.

"In ya soke," in ji shi, "ka rataye ni a ina?"

"A shagona, tsakanin tayoyi. Kalarku ɗaya, ba mai lura."

"Gara nan. Aƙalla su suna da amfani."

Mai hoto ya miƙa masa ƙwallon, wannan karon hannu da hannu, da ladabi. Ya ce ya ɗora yatsun a sama yadda za su fito. Fitilu suka haska sau biyu. Sa'an nan ya ɗauko ambulan da alƙalami.

"Wane suna zan rubuta?"

Ubale ya buɗe baki, amma Abdulghaffar ya riga shi.

"Rubuta: Abdulghani Usuman. Abdulghani, da harafin gaini. Ka gyara rubutun, mai sunan ba ya iya dubawa."

Ubale ya ƙame a kujerar. Sunan kakansa na wajen uba aka sa masa, saboda haka iyayensa ba su taɓa kiransa da shi ba. Su ne suka laƙaba masa Ubale. Sauda, har ta koma ga Allah, ba ta taɓa furta sunan miji ba. A fili an kira shi da sunan wani, a Safa kuwa "ya haris" ake ce masa. Sau biyu aka taɓa faɗar sunan nan da ƙarfi a gaban mutane: ranar da aka raɗa shi, wadda bai sani ba, da ranar ɗaurin aurensa. Ya daɗe da sanya wa ransa cewa na ukun sai ranar da za a yi shelar jana'izarsa.

Ya yi gyaran murya. "Ka faɗa daidai kuwa?"

"Ni zan kasa sunan ɗan gwaggona?"

"Da wannan bakin naka na Hindawiyya, rabin haruffan a maƙogwaro suke maƙalewa. Sake faɗa, mai hoto bai ji ba."

Mai hoto ya riga ya rubuta, har ya ajiye alƙalami. Abdulghaffar ya dubi ambulan, ya dubi taubashinsa ta saman tabarau. Ya yi dariya, ya gyara tsayuwa, ya cika ƙirji kamar mai shirin kira daga bayan gida, ya sake faɗa.